Muryar da Aka Ɗora wa Susana

Susana Abraham ta yi shekara talatin da ɗaya tana aiki a ɗakin haihuwa na wani asibiti a Malumfashi. Ba nas ba ce, ba ta kuma taɓa cewa ita nas ce ba. Ita ce mai gyara gado, mai dafa ruwa, mai goge ƙasa, mai riƙe hannun mace idan naƙuda ta kai inda mutum ke kiran sunan uwarsa. Gajeruwa ce, kakkaura, da murya irin wadda ba ta buƙatar lasifika. In ta ce wa mazan da suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa su matsa, matsawa suke yi, ko da mai unguwa ne a cikinsu.

A Unguwar Mati aka haife ta, wani ɗan ƙauye da ke bayan Gozaki, inda masara ke rufe gidaje da damina har sai ka zo bakin danga kafin ka san akwai mutane. Kakanta Mati ne ya sari wurin. Ɗansa, wato mahaifin Susana, shi ne ya bi 'yan mishan tun yana saurayi aka yi masa baftisma, daga baya rabin ƙauyen suka bi sahunsa. Hausawa ne gaba da baya. Ba su da wani yare da suke komawa idan baƙo ya fita. Da Hausa aka yi renonta, da Hausa take karanta Littafi Mai Tsarki, da Hausa kuma take yi wa mijinta Malam Abraham faɗa in ya bar awaki suka shiga inda ta shanya daddawa.

Amma tun makon da ta fara aiki akwai tambayar da ta liƙe mata. Mace za ta sauka lafiya, a gyara ta, a miƙa mata jariri, sai ta dubi Susana da idon godiya ta ce, "Baiwar Allah, yaya sunanki?" Da ta ji sunan sai ta riƙe haɓa. "Susana? Ikon Allah! Amma kin iya Hausa. A ina kika koya?" Da fari Susana takan tsaya ta yi bayani, ta kawo sunan kakanta da na ƙauyensu. Da ta gaji, sai ta koma cewa, "A bayan uwata," ta ɗauki bokitinta ta wuce.

A wannan ɗakin ne ta haɗu da Hajo, matar wani mai sayar da taki, wadda ta zo haihuwar fari da tagwaye, na biyun ya taho da ƙafa. Susana ce ta tsaya a kanta tun hantsi har la'asar. Daga ranar suka ƙulle. Da Susana ta yi ritaya ta koma ƙauye ta kama sana'ar daddawa, gidan Hajo ya zama masaukinta duk ranar kasuwa. Takan gama ciniki da azahar, ta zo ta miƙe ƙafa a tabarma, Hajo ta dama fura, su kunna talabijin.

Susana dai mayyar kallo ce. Tun zamanin kaset take bin finafinan Hausa. Ta san wace 'yar wasa ce ta yi aure ta bar harkar, wacce ce ta dawo. In an zalunci maraya ta yi hawaye, in azzalumi ya fito ta yi masa tsawa kamar yana jin ta. Abu ɗaya ne ke ɓata mata zama. Duk sanda aka ce ga Kirista ya shigo labari, ta san abin da za ta gani tun kafin ya buɗe baki. In mace ce, da gashin kanti a kai, da siket wanda bai kai gwiwa ba, tana tsare da teburin giya. In namiji ne, da gajeren wando da ƙaton gicciye a wuya, yana ce wa mace "kai", yana ce wa namiji "ke", ana ta dariya. In kuwa labarin ƙauye ne, to ga mutane nan da ganye a ƙugu suna zagaya tukunyar burkutu, suna jiran wani baƙo ya zo ya koya musu wanka.

Ba musuluntar da sukan yi a ƙarshen fim ce ke ci mata rai ba. Ƙannenta biyu sun musulunta, kuma har gobe kwano ɗaya suke ci da ita in sun zo gida. Abin da ke damunta shi ne, shekara ashirin da ɗoriya tana kallo, ba ta taɓa ganin mace irinta ba, mai zane da ɗankwali, mai tuƙa tuwon dawa, mai gaida surukai a durƙushe, wadda in Lahadi ta yi take ɗaukar littafin waƙoƙi ta nufi majami'a.

"Wasa ne fa, Maman Rahab," Hajo takan ce. "Ba da ke ake ba."

"To da wa ake? Nuna mani ita a garin nan in je in gaishe ta."

Hajo sai ta yi dariya ta canza tasha.

Shekara biyu da suka wuce, ana tsakiyar damina, sai ga Mansur, ɗan ƙanen Hajo, ya iske su a tsakar gidan Hajo. Magidanci ne mai kimanin shekara talatin. Ya yi karatu a Zariya, ya dawo Funtua ya buɗe shago shi da abokinsa Jibo, suna shirya wasanni masu dogon zango suna sakawa a intanet. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe su, sannan ya juya wajen Susana.

"Mama, wurinki na zo."

Ya ce wata ƙungiya mai aikin sasanta jama'a ce ta ba su aikin shirya wasa a kan maƙwabtakar Musulmi da Kirista. A cikin labarin akwai wata dattijuwa Kirista wadda naƙuda ta kama matar maƙwabcinta, mijin yana gona, ita ce ta tsaya mata.

"Gwaggo Hajo ta sha ba ni labarin abin da kika yi mata. Na ce me zai sa in nemo wadda za ta kwaikwaya, ga mai abin a zaune?"

Susana ta daɗe tana kallonsa. Zuciyarta na so, amma ta ga abin da ta gani a talabijin.

"Sharaɗi uku," ta ce. "Kayana zan sa, waɗanda nake zuwa sujada da su. Da bakina zan yi magana, yadda kake ji na yanzu. Kuma ko kwalbar lemo ban yarda a ajiye kusa da ni ba, kada wani ya hanga ya ce giya ce."

"Wallahi Mama, abin da ya kawo ni ke nan. Mun gaji da na ƙarya."

Ya bar mata takardun wasan. A gida, 'yarta Rahab, wadda ke koyarwa a firamare, ta zauna ta karanta mata su daga farko har ƙarshe. Tun a shafin farko Susana ta ɓata fuska, don an sa wa dattijuwar suna Madam Kumfot. "A duk Unguwar Mati wa ake kira Madam?" Ta sa aka buga wa Mansur waya a kan a mayar da sunan Lami, sunan uwarta. Ya ce Lami zai iya zama sunan kowa, amma za su duba. Ta ƙyale wannan. Da aka zo inda marubucin ya sa dattijuwar ta yanke cibiya da wuƙar yanka albasa kuwa, Susana ta miƙe tsaye. "Wannan kisan kai ne. Wata za ta gani ta yi." Ta sa Rahab ta soke wurin da biro, suka rubuta cewa a aika a kira keke napep a tafi asibiti, in haihuwa ta riga keken zuwa, a nemo sabuwar reza da zare mai tsabta. Mansur ya karɓi gyaran da murna.

An ɗauki wasan a wani gida da suka ara a bakin Funtua, kan hanyar Maska. Susana ta iso da hantsi cikin ankon zumuntar matan majami'a, ya sha guga. Najiba, 'yar wasan da ta fito a Amatu mai naƙuda, tana kwance a katifa, an ɗaura mata matashi a ciki. Jibo ne darakta, wani dogo mai hular hana-salla, yana ta kai da kawo yana ba da umarni.

Aka ce a fara. Susana ta yaye labule ta shiga, nan take ta manta da akwai kyamara. Ta durƙusa, ta dafa goshin Najiba.

"Sannu 'yar nan, sannu. Riƙe ni nan. Kada ki yunƙura tukuna, lokaci bai yi ba. Ja numfashi. Sake shi a hankali. Yauwa."

"Kat! A tsaya!" in ji Jibo. Ya matso yana murmushi. "Mama, kin yi ƙoƙari ƙwarai. Matsala ɗaya ce kawai. Hausar ta yi yawa."

"Ta yi me?"

"Ta yi yawa. Wanda zai kunna wayarsa bai san ki ba. In ya ji ki haka, cewa zai yi wata Hajiya ce ta shigo. Ki ɗan karya ta kaɗan. Kamar ki ce, 'Kai yarinya, ni zo taimaka.' Haka dai."

Ya ɗaga hannu aka miƙo masa leda. A ciki akwai jan gashin kanti da gicciyen katako wanda ya kusa kai muciya.

Susana ta tashi a hankali, ta kakkaɓe gwiwa.

"Malam Jibo, kakana da ubansa da uban ubansa, duk a ƙasar Gozaki aka binne su. Wannan Hausar da kake cewa in karya, ita suka bar mani. Wannan gashin kuma, ban taɓa sa shi ina budurwa ba, ba da jikoki shida zan fara ba."

Ta ɗauki jakarta ta yi waje. Mansur ya bi ta har bakin titi yana roƙo, ya ce Jibo bai san alkawarin da aka yi ba. Ya koma ciki, aka ji muryoyinsu sun ɗan tashi, sannan ya fito ya ce an gama magana, yadda take so haka za a yi.

Kwana uku ana ɗauka. A rana ta ƙarshe aka zo inda haihuwa ta yi gardama, keke bai iso ba. Ba a rubuta mata komai a wurin ba. Susana ta kama hannun Najiba da hannu biyu, ta rufe ido, ta yi addu'ar da ta saba yi a zuci shekara talatin da ɗaya, wannan karon a fili.

"Ya Ubangiji, kai ka ƙulla, kai za ka kwance. Ka dubi baiwarka, ka sauke ta lafiya."

Najiba ta fashe da kukan gaske, har bayan an tsayar da kyamara ba ta daina ba. Kowa ya tafa, har Jibo.

Susana ta koma gida ba ta taka ƙasa don murna. Ta gaya wa matan zumunta, ta gaya wa masu sayen daddawa, ta gaya wa ɗan acaɓan da ke kai ta Malumfashi. Fasto ma ya sanar a majami'a cewa 'yar'uwa Susana za ta fito a wasa, a karo na farko za a ga Bahaushiya Kirista yadda take.

Wasan ya fito ana cire masara. Ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, aka fito da benci ƙarƙashin mangwaron majami'a, aka tayar da janareta, Rahab ta haɗa wayarta da talabijin ɗin fasto. Ƙauyen duk ya taru. Har Gwaggo, ƙanwar mahaifin Susana, wadda ta haura tamanin, aka riƙo ta aka zaunar a gaba.

Aka nuna gida, aka nuna Najiba tana murƙususu. Labule ya yaye, ga Susana cikin ankonta. Mata suka rangaɗa guɗa. Sai ta durƙusa, ta buɗe baki, wata siririyar murya ta fito daga cikinsa, muryar da ba wanda ya taɓa ji.

"Kai Amatu! Ni zo, ni zo yanzu-yanzu! Kai ba mutu ba! Yaro zai pito, Jizos!"

Bakin Susana na motsi a hankali, muryar na gudu. Duk inda ta yi magana an sa wani ɗan kiɗan barkwanci a baya. Yara suka kwashe da dariya, wasu manya suka taya su, sannan dariyar ta mutu da kanta, wuri ya yi tsit sai ƙarar janareta. Wurin addu'ar kuwa an yanke shi ɗungurungum. Daga riƙe hannu sai kukan jariri.

Gwaggo ta juyo, ta ƙura wa Susana ido. "Susana, ciwo kika yi a baki da kika je can?"

Malam Abraham ya gyara hularsa, ya tashi, ya ce bari ya duba awaki. Susana ta zauna har aka gama, hannunta a cinya, don ba ta so a ce ta gudu. Da ta isa gida ta cire ankon ta linke, ta tura shi ƙasan akwati.

Ranar kasuwa ta gaba ta gane abin ya wuce ƙauye. Tun a tasha masu keke napep suka fara. "Madam Ni-zo! Madam Ni-zo, ina za a kai ki?" Ba da mugunta suke yi ba, murna suke sun ga 'yar fim. Wanda ya fi yi mata ciwo shi ne wata mata da Susana ta tsaya wa a haihuwa har sau uku. Ta zo sayen daddawa, ta tsuke baki ta ce, "Madam, nawa kai sayar?" tana dariya, tana jiran Susana ta taya ta. Susana ta ƙulla mata daddawar ta miƙa mata ba tare da ta ɗaga kai ba.

Ta tattara kayanta tun kafin azahar ta nufi gidan Hajo.

"Kin gani?"

"Na gani," in ji Hajo, ta kasa haɗa ido da ita.

"Ɗauko mayafinki. Funtua za mu."

Shagon su Mansur ɗan ɗaki ne a bayan wani kantin magani, an manna soso a bango, ga kwamfuta biyu. Suka iske Mansur da Jibo, da Najiba a kan kujera a lungu. Mansur yana ganinsu ya miƙe, ya fara gaisuwa. Susana ta katse shi.

"Ina muryata?"

Mansur ya dubi Jibo. Ya ce da suka gama haɗa wasan sun kai wa mutanen ƙungiyar, aka kalla a ofis. Shugabar ta ce ya yi kyau, amma saƙon bai fito ba. An ba su aiki ne su nuna addini biyu, ita kuwa abin da ta gani Hausawa biyu ne kawai a ɗaki. In mai kallo bai bambance ba, to ba a yi aikin ba. Lokaci ya ƙure, ba halin sake ɗauka, sai suka ɗora murya.

"Hausawa biyu ne kawai a ɗaki," Susana ta maimaita. "To mu mene ne? Ba shi ne gaskiyar ba? Ba shi ka ce za ka nuna ba?"

"Shi ne, Mama."

"Addu'ata fa? In ana so a san ni wace ce, ai ga ta nan."

Jibo ne ya amsa. Ya ce addu'ar ba ta nuna komai ba, don kowa ma haka yake roƙo. Ya juya kwamfuta ya nuna mata wasu lambobi. "Mama, mutum dubu ɗari uku sun kalla cikin mako ɗaya. Ba mu taɓa samun haka ba. Mutane sun so ki. Jama'a da abin da suka saba suke gane abu, ba mu muka ƙirƙiro ba."

"Wa ya saba musu?"

Jibo ya mayar da kai kan kwamfutarsa. Susana ta juya wajen Mansur.

"Muryar wa ce?"

Najiba ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Susana ta taka har gabanta.

"Ke ce, 'yar nan?"

"Cewa aka yi in gwada, Mama. Ban san ita za a saka ba."

"To yi mani ita yanzu. Ga ni a gabanki. Yi in ji yadda nake magana."

Najiba ta buɗe baki, ta rufe, hawaye suka zubo. Susana ta tsaya tana kallonta, ta rasa ma abin da za ta ji. Wannan yarinyar ce ta yi kuka a hannunta, kuma ta san kukan ba na wasa ba ne.

Hajo ta wanke Mansur tas. Ta ce ya ci amana, ya zubar mata da mutunci a gaban matar da ta ceci ranta, in ubansa ya ji sai ya saɓa masa. Mansur ya durƙusa yana ba da haƙuri. Ya ce sauke wasan ba a hannunsa yake ba, don na ƙungiyar ne, an sa hannu a takarda. Abin da zai iya shi ne ya saka ainihin wurin, da muryarta, a tasharsu daban.

A mota suna komawa, Hajo ta so ta sanyaya mata zuciya. "Amma dai ko ba komai, Maman Rahab, an nuna Kirista ta taimaki Musulma. Ai an ci gaba."

Susana ta juya ta kalle ta, ta mayar da kai taga. Haka suka isa Malumfashi. Ba ta shiga gidan Hajo ba, daga tasha ta hau mashin ta wuce ƙauye. Kasuwa uku a jere tana zuwa tana komawa ba ta leƙa Hajo ba.

A mako na huɗu sai ga Hajo a bayan ɗan acaɓa, ta ratso gonakin waken soya, zanenta duk ƙaiƙayi. Rabonta da Unguwar Mati tun bikin Rahab. Ta iske Susana tana tsince kalwa a tsakar gida. Ta ja kujera 'yar tsugunne ta zauna, ta sa hannu a kwaryar ta kama tsinta.

"Na sake kallonsa ni kaɗai," ta ce can. "Na kashe ƙarar, na bar hoton. Sai na gan ki yadda na gan ki ranar 'yan biyu. Da na mayar da ƙarar, na kasa kai ƙarshe. Ki yafe mani maganar mota."

"Ya wuce," in ji Susana. Ta aika aka kama kaza.

Mansur ya cika alkawarinsa. Ya saka wurin, minti huɗu, da muryarta da addu'arta, ya rubuta bayani a ƙasa. Rahab ta riƙa karanta mata abin da mutane ke rubutawa. Wani ya ce wannan ƙarya ce, Musulma ce aka sa wa kayan coci. Wani ya ce Allah ya shirye ta, Hausarta har ta fi tasa. Wata kuwa daga wani ƙauye a ƙasar Kano ta rubuta cewa ta kira 'ya'yanta sun kalla tare, don haka uwarta take magana, haka take addu'a, ba ta taɓa zaton za ta ga irinta a waya ba. Irin wannan saƙon sun kai goma sha, daga ƙauyukan Kafur, da ƙasar Zazzau, da wasu wuraren da Susana ba ta taɓa ji ba. Ta sa Rahab ta karanta mata na matar Kano sau biyu. Amma waɗanda suka kalli minti huɗun ba su kai dubu shida ba. Wancan kuwa ya haura rabin miliyan, yana nan har yau.

Fasto ya ba da shawarar a rubuta takardar koke, wasu matasan majami'a suka ce a je kotu. Susana ta ce ba za ta kai ɗan ƙanen Hajo gaban alƙali ba. Wata dabara ta yi. Da aka gama sussuka aiki ya yi sauƙi, ta sa Rahab ta sayo littafin rubutu mai shafi tamanin. Kullum da la'asar, in Rahab ta dawo daga makaranta, Susana na faɗa tana rubutawa. Labarin Gwaggo ne, tun tana budurwa, yadda gidan Mati ya rabu uku, wasu suka bi mishan, wasu suka musulunta, wasu suka tsaya a kan abin da suka gada, da yadda duk da haka suke haɗuwa gayya a gonar tsoho, suna faɗa suna shiryawa. Akwai wurin dariya a ciki da yawa, don Gwaggo ba ta da dama tun tana yarinya. Wata biyu suka yi a kai. Da suka gama, ta ba Hajo ta kai wa Mansur.

Bayan mako uku ya bugo waya. Ya ce ya karanta a zama ɗaya, bai taɓa riƙe labari irinsa ba. Sai dai ya nuna wa mutum biyu masu ɗaukar nauyin wasa, ɗaya ya ce abin zai jawo magana, ɗayan ya ce ba wanda zai yarda akwai irin wannan gida. Ya roƙe ta ta bar littafin a wurinsa, zai ci gaba da nema.

Yau shekara guda ke nan da 'yan watanni. Gwaggo ta rasu da bazarar da ta wuce, ba ta ji an karanta labarinta ba, don kwafi ɗaya ne. Sau biyu Susana tana aika a karɓo mata littafin. Na farko aka ce Mansur ya tafi Kaduna ɗaukar wani wasa, na biyu aka ce littafin yana wurin Jibo, zai duba. Ta ce wa Malam Abraham in zai shiga Funtua sayen irin masara kafin ruwa ya sauka, tare za su tafi, kuma ba za ta bar shagon nan ba sai da littafinta a jaka.